Yadda zaka nemo CYP2D6 da hannunka, ka gane inda take zaune da yadda aka gina ta

Duk shekara sai na samu ɗalibin famasi ko na bayokemistiri ya turo min saƙo wai an ba shi furojet akan CYP2D6, wata ƙwayar gado da ke taimakawa wajen sarrafa magunguna a hanta, kuma ya rasa ta ina zai fara, ya haddace adireshinta "22q13.2" kamar karatun allo amma in ka ce masa toh buɗe min wajen in gani sai ya yi zuru. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abun sau ɗaya daga farko har ƙarshe, duk wanda ya tambaya in tura masa. Ba ka buƙatar lab, ba ka buƙatar kuɗi, waya ko kwamfuta da ɗan data ya isheka, sai dai a kwamfuta yafi daɗi saboda hotunan suna da faɗi, a waya sai kayi ta ja da yatsa har ka gaji.

Mataki na 1: fara warware sunan tukuna

CYP2D6 sunan ƙwayar gado ce, kuma sunan inzayim ɗin da take haifarwa ne, wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki, wanda yawancin aikinsa a hanta yake yi. CYP ɗin gajarce sunan saitokurom P450 ne. Ita P450 ɗin ba wani sirri bane, masana biyu 'yan Japan, Omura da Sato, su suka raɗa sunan a farkon shekarun 1960 saboda sun ga wani launi a cikin hanta da in ya haɗu da iskar kabon monoksaid yana shan haske sosai a nanomita 450. Lamba 2 dangi ne, duk furotin ɗin da suka yi kama da juna sama da kashi 40 cikin ɗari a jerin amino asid ɗinsu dangi ɗaya ne. Harafin D ƙaramin dangi ne, wato kamanni ya haura kashi 55. Lamba 6 kuma ita ce ƙwayar kanta. Ɗan adam yana da irin waɗannan ƙwayoyin CYP guda 57 masu aiki, amma wannan ta yi suna ne saboda duk da cewa ɗan kaso ne ƙalilan na P450 ɗin hanta, ita ke sarrafa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na magungunan da ake rubutawa a asibiti, irinsu kodin, taramadol, tamoksifen na cutar dajin mama, metofurolol na hawan jini, amitiriftilin, haloferidol, firimakwin na zazzaɓin cizon sauro.

Labarin gano ta ma abun dariya ne in ba a kanka ya faru ba. A Landan, asibitin St Mary's, wani masani Robert Smith ya sha maganin hawan jini mai suna debirisokwin tare da abokan aikinsa don gwaji, su sauran lafiyarsu lau, shi kuwa jininsa ya yi ƙasa warwas har ya kasa tsayuwa. Da suka duba fitsarinsa sai suka ga jikinsa kusan bai taɓa maganin ba, yadda ya shiga haka yake fita, ashe inzayim ɗin nan ne baya aiki a jikinsa. Suka buga sakamakon a 1977. A Jamus kuma Michel Eichelbaum ya ga irin haka da wani magani sifatin. Sai a 1988 ƙungiyar Frank Gonzalez a Amurka ta ciro jerin haruffan saƙon ƙwayar, wato kwafin RNA da ake karantawa a haɗa furotin, a 1989 suka bayyana dukkan unguwar da take zaune har da maƙwabtanta. Ka riƙe maganar maƙwabtan nan, domin su ne duk rigimar.

Mataki na 2: karanta adireshin

A cikin kusan kowane tantanin jikinka akwai kuromosom 46, wato dunƙulen DNA, bibbiyu ne, 23 daga uwa 23 daga uba. Tamu tana kan na 22, ɗaya daga cikin ƙananan, tsawonsa wajen haruffa miliyan 51, kuma shi ne kuromosom ɗin ɗan adam na farko da aka karance jerinsa a 1999. Kowane kuromosom yana da ƙugu, wajen da ya tsuke, sama da ƙugun gajeren hannu ana ce masa p, ƙasa dogon hannu ana ce masa q. Shi na 22 ƙugunsa can sama yake dab da ƙarshe, gajeren hannun ɗan dungulmi ne, kusan duk ƙwayoyin da ke haifar da furotin a dogon hannun suke.

In aka rina kuromosom da rinin Giemsa aka duba a madubin lab, zaka ga zane-zane, wani baƙi wani fari kamar saƙi, da waɗannan zanen ake ba da adireshi, ana ƙirgawa daga ƙugu zuwa waje. Toh 22q13.2 yana nufin kuromosom 22, dogon hannu, yanki na 1, zane na 3, ƙaramin zane na 2. Dan Allah ranar difens kar ka ce "sha uku", ɗaya-uku ake cewa, babu wasu zane goma sha biyu da suka gabace shi, akwai malaman da wannan kaɗai suke jira su kama ka da shi. Kamar ka ce unguwa kaza, layi kaza, lungu kaza ne, bai kai ka ƙofar gida ba tukuna domin lungun kansa miliyoyin haruffa ne.

Zaka ga tsofaffin takardu da wasu littattafai sun rubuta 22q13.1. Ba ƙaura ƙwayar ta yi ba, taswirar ce aka gyara bayan an samu cikakken jeri. Kai ka rubuta 22q13.2, in zaka kawo tsohuwar sai ka faɗi cewa haka aka fara rubutawa.

Mataki na 3: je ka ƙofar gidan

Shiga shafin NCBI, rumbun bayanan ƙwayoyin gado na Amurka, a akwatin zaɓi ka ɗauki sashen Gene, ka rubuta CYP2D6, ka tabbata na ɗan adam ka danna domin zaka ga na birai ma sun fito. Lambarta a can 1565. In Ensembl kafi so, wani rumbun irinsa, lambarta ENSG00000100197, furotin ɗin kuma a UniProt, rumbun bayanan furotin, P10635 ne, saƙon da ake ɗauka a matsayin ma'auni NM_000106. Rubuta waɗannan huɗun a bayan littafinka, zasu rage maka yawo.

Yanzu duba lambar gida. A taswirar DNA ɗin ɗan adam ta GRCh38, wadda ta fito a ƙarshen 2013, ƙwayar tana tsakanin harafi na miliyan 42 da dubu 126 da ɗoriya zuwa wajen miliyan 42 da dubu 131. A tsohuwar taswira GRCh37 ta 2009, wadda shafin taswira na UCSC ke kira hg19, tana wajen miliyan 42 da dubu 522 zuwa dubu 527. Kaga tazarar ta kusa haruffa dubu 400, ita kuwa ƙwayar gaba ɗayanta ba ta kai dubu 4 da ɗari 5 ba, wato in ka ɗauki lamba daga takardar da ta yi aiki da tsohuwar taswira ka zuba a sabuwa, ba gidan maƙwabci ma zaka faɗa ba, wata unguwar daban zaka tsinci kanka. Duk lambar da ka gani, fara tambayar wace taswira ce kafin komai. Akwai ma wani ƙarin tarko, jerin da aka saka a GRCh37 a wannan wajen na nau'in *2 ne, na GRCh38 kuma *1 ne (nau'o'in ƙwayar da alamar tauraro ake rubuta su, zamu zo kansu a mataki na 6), don haka abun da ɗaya ta kira "canji" ɗayar tana kiransa "asali".

Abu na biyu da zaka lura, kibiyoyin da ke kan hoton ƙwayar hagu suke kallo. DNA igiya biyu ce a murɗe, ana karanta su ta fuskoki masu saɓani, ita CYP2D6 akan igiyar baya take, wadda ake sa wa alamar ragi. Ma'ana ekson na 1, wato ɗakin farko cikin ɗakunan ƙwayar da zamu ƙirga a mataki na 4, yana ta dama wajen babbar lamba, na 9 yana ta hagu wajen ƙaramar lamba, kamar ajami zaka karanta ta, daga dama zuwa hagu. Wannan yana rikita mutane ba kaɗan ba, saboda shahararren canjin nan na *4 a takardun magani G ne ya koma A, amma in ka nemi lambarsa rs3892097 a taswira zaka ga C ya koma T, sai ka zata kuskure ne. Abu ɗaya ne, A tana fuskantar T, G tana fuskantar C, kowa igiyar da yake kallo yake faɗa.

Mataki na 4: ƙirga ɗakunan

Nan ne nafi so a daɗe. Ƙwayar tana da ekson 9 da intiron 8 a tsakaninsu. Ka ɗauka tela ne aka ba shi doguwar shadda mai alamar alli, wasu wuraren na riga ne wasu na zubarwa, zai yanke na zubarwan ya ɗinke sauran a jere. Ekson su ne ƙyallen riga, intiron su ne abun da ake yankewa. Alamar allin kuwa haruffa ne, kusan kowane intiron da GT yake farawa ya ƙare da AG, da su injin tantani yake gane inda zai sa almakashi.

A Ensembl in ka buɗe saƙon ka danna wajen ekson zai jero maka su da tsawon kowanne. Ka cire ɓangaren gaba da na baya da ba a fassarawa, ka ɗauka daga ATG na farawa zuwa alamar tsayawa, ga abun da ya kamata ka samu: na 1 haruffa 180, na 2 172, na 3 153, na 4 161, na 5 177, na 6 142, na 7 188, na 8 142, na 9 179. Ɗauko kalkuleta ka tara da kanka kar ka yarda da ni. Zaka samu 1494. Raba da uku tunda kowane haruffa uku amino asid ɗaya ne, ka samu 498, cire ɗaya na alamar tsayawa, saura 497. Shi ne tsawon furotin ɗin, amino asid 497, je UniProt ka gani. Ranar da na fara yin lissafin nan ya fito daidai wallahi sai da na ji kamar ni na gano ƙwayar.

Amfanin jerin nan bai tsaya a nan ba, da shi zaka iya sanin ɗakin da kowane canji yake ba tare da ka tambayi kowa ba. Tara su a hankali ka rubuta inda kowanne ya ƙare: 180, 352, 505, 666, 843, 985, 1173, 1315, 1494. Toh a ce an ce maka amino asid na 107 ya canza, ninka da uku, 321, ya faɗa tsakanin 181 da 352, ekson na 2 kenan. Na 296 fa, 888, ekson na 6. Sistin na 443, wanda shi ke riƙe ƙarfen him, wato zuciyar inzayim ɗin, 1329, farkon ekson na 9 yake, shi yasa duk kuskuren da ya katse furotin kafin a kai ɗakin ƙarshe ya kashe aikin gaba ɗaya, ko da ɗakuna takwas sun fito lafiya. Akwai kuma wasu biyu masu cajin ragi, gulutamet na 216 da asfatet na 301, su ke janyo magungunan da ke da naitirojin mai cajin ƙari zuwa cikin ramin inzayim ɗin, shi yasa in ka duba jerin magungunan da take sarrafawa zaka ga kusan duk suna da wannan siffar. Gwada nemo ɗakinsu da kanka, ɗaya a na 4 ɗaya a na 6.

Mataki na 5: leƙa gidan maƙwabta

Koma hoton taswirar ka rage girma kaɗan yadda zaka ga wajen haruffa dubu 80. Ta hagu akwai NDUFA6, can ta dama akwai TCF20, waɗannan babu ruwanmu da su, alamar hanya ce kawai. Amma dab da CYP2D6 ta dama zaka ga CYP2D7, gaba da ita CYP2D8. Waɗannan ƙwayoyin bogi ne, suna da fasali iri ɗaya, ekson tara-tara, amma basa haifar da inzayim mai aiki. Ita 2D7 harafin T guda ɗaya ne ya ƙaru a ekson ɗinta na 1, ya gurɓata ƙirgan uku-uku tun daga farko. Ita 2D8 ta tara kurakurai da yawa.

Matsalar 2D7 ita ce kama, ta haura kashi 90 cikin ɗari, Hassana da Hussaina ne sak, wasu wuraren zaka yi ɗaruruwan haruffa baka ga bambanci ko ɗaya ba. Kuma a bayan kowaccensu akwai wani jeri mai maimaituwa, ana kiransu REP6 da REP7. Lokacin da jiki ke haɗa ƙwan mace ko maniyyi, kuromosom na uwa da na uba suna jeruwa su yi musayar gutsure, toh saboda kamannin nan wani lokaci sai jeruwar ta goce, 2D6 ta ɗaya ta tsaya a gaban 2D7 ta ɗayan. In aka yi musaya a haka, kuromosom ɗaya ya fita babu 2D6 sam, wannan shi ne *5, ɗayan kuma ya fita da guda biyu. In yankan ya faɗa tsakiyar ƙwayar sai a samu ruwa biyu, kai na 2D7 jiki na 2D6 kamar *13, ko akasin haka kamar *68, ko *36 wadda ekson ɗinta na 9 na 2D7 ne, tafi yawa a gabashin Asiya. A Suwidin a 1993 an ba da labarin wani gida da aka samu masu kwafi har 13 a jere akan kuromosom ɗaya.

Ni kaina 2D7 ta taɓa cin kasuwata. A wani lab da na yi aiki na zana furaima na ekson na 6, wato gajerun gutsuren DNA da ke nuna wajen da za a kwafa, na yi PCR, hanyar kwafo gutsuren DNA a lab, zane ya fito tas a jel gwanin sha'awa, muka tura a karanto jerin, sakamako ya dawo kowa a cikin samfur ɗinmu yana da canji iri ɗaya a wurare iri ɗaya, kololuwa biyu-biyu a hoton. Na kwana biyu ina murna na zata wani sabon abu muka gano, ashe furaima ɗina ƙwayoyin biyu suke kamawa tare, bambancin 2D6 da 2D7 nake kallo. Kuɗin riyejen ya tafi, wata guda ya tafi. Da na ɗauki minti biyar na zuba furaiman a Primer-BLAST na NCBI da na ga ya nuna min wuri biyu. Kai dai kar ka tsallake wannan, ko malaminka ne ya baka furaiman daga wata takarda, duba su.

Mataki na 6: koyi karanta taurarin

Nau'o'in ƙwayar da alamar tauraro ake rubuta su, *1 ita ce ma'auni mai cikakken aiki. Wajen da ake ajiye sunayen a hukumance yanzu PharmVar ne, da can wani shafi ne a cibiyar Karolinska ta Suwidin, kuma sun haura 150, amma ba sai ka san duka ba. Shiga PharmVar ka zaɓi CYP2D6, kowane tauraro zaka ga jerin canje-canjensa. Ga waɗanda zaka fi cin karo da su, kuma ka riƙa komawa lissafinmu na ɗakuna kana duba su.

*2 tana da canji a amino asid na 296 da na 486, amma aikinta lafiya lau. *4 ita ce babbar mai kashe aiki a Turawa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuromosom ɗinsu, kuma canjin nata ba a cikin ekson yake ba, harafin ƙarshe ne na intiron na 3, AG ɗin nan na alamar alli ya koma AA. Ana rubuta shi c.506-1G>A, kaga 505 ne ƙarshen ekson na 3 a lissafinmu, 506 farkon na 4, ragi ɗaya kuma harafin da ke gabansa. Tela ya nemi alama bai gani ba sai ya yanka a gaba da harafi ɗaya, ƙirgan uku-uku ya goce, furotin ya katse a hanya. *10 canji ne a harafi na 100, amino asid na 34, inzayim ɗin yana fitowa amma ba ya da ƙwari, ita ce ta cika Sin da Japan da Koriya. *41 tana cikin intiron na 6, haruffa 39 bayan ƙarshen ekson, tana rage yawan saƙon da ake ɗinkawa daidai.

Mu kuma a Afirka kudu da Sahara namu su ne *17 da *29. Ita *17 Collen Masimirembwa ɗan Zimbabuwe ne ya bayyana ta a 1996, alamarta canjin amino asid na 107 a ekson na 2 tare da waɗancan biyun na *2, kuma tana kaiwa wajen ɗaya cikin biyar na kuromosom a yawancin al'ummun baƙar fata. *29 a Tanzaniya aka gano tana da yawa, canjin na 136 da na 338. Dukansu rage aiki suke ba kashewa ba. Abun da ke ban haushi shi ne wasu kayan gwajin da aka tsara don Turawa basa neman waɗannan biyun, kuma ƙa'idar ita ce duk abun da gwaji bai gani ba sai ya kira shi *1 ko *2, wato mutum yana da *17 amma takarda ta ce masa lafiyayye. In zaka yi aiki da samfurin mutanenmu, abun farko da zaka tambayi mai sayar da kit shi ne ko akwai *17 da *29 a ciki. A Habasha kuma labarin daban ne, binciken Eleni Aklillu na 1996 ya samu kusan kashi 29 cikin ɗari suna ɗauke da kwafi fiye da ɗaya, kaga ba a cewa "Afirka" a dunƙule a wannan maganar.

Wani ƙaramin abu, zaka ga wata takarda ta ce 1846G>A wata ta ce 1847G>A, ko 1023 da 1022, ko 2850 da 2851. Jerin ma'aunin aka canza, lambobin suka ɗan motsa da ɗaya. In kana shakka bi lambar rs, ita ba ta motsi.

Mataki na 7: daga taurari zuwa maki

Kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ana rubutawa kamar *1/*17. Tsarin CPIC, ƙungiyar masana da ke fitar da ƙa'idojin ba da magani bisa ƙwayar gado, yana ba kowanne maki: mai cikakken aiki irin *1 da *2 maki 1, *17 da *29 rabi-rabi, *10 rubu'i, matattu irin *3, *4, *5, *6 sifili. In akwai kwafi biyu sai ka ninka. Ka tara biyun. Sifili mai rauni ne, jikinsa kusan ba ya sarrafawa. Sama da sifili amma bai kai 1.25 ba matsakaici ne. Daga 1.25 zuwa 2.25 daidai. Sama da 2.25 mai saurin wuce kima. Gwada: *1/*17 ya ba 1.5, daidai. *17/*29 ya ba 1, matsakaici. *4/*5 sifili. *1/*2x2 ya ba 3, mai sauri. Amma *1/*4x2 maki 1 ne kawai, matacce ko sau goma ka kwafe shi matacce ne, shi yasa bai isa gwaji ya ce "akwai kwafi uku" ba, dole a san wanne ne aka kwafa. Makin wasu taurarin ana sabunta shi lokaci lokaci, duba teburin CPIC na yanzu kafin ka saka a furojet.

Sannan ka tambayi kanka maganin wane iri ne, domin fassarar tana juyawa. Amitiriftilin da metofurolol inzayim ɗin rage su yake, mai rauni sai maganin ya taru masa a jini. Kodin kuma sai inzayim ɗin ya mayar da wani ɓangarensa mofin kafin ya kashe ciwo, taramadol ma haka yake buƙatar a juya shi, don haka mai rauni zai sha bai ji komai ba, mai sauri kuma mofin ya yi masa yawa har numfashi ya tsaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da taramadol a 2017. Mu da muka ga abun da sirof ɗin kodin ya yi wa matasa a Kano da sauran garuruwan arewa har gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, ya kamata mu gane cewa kwalba ɗaya ba abu ɗaya take yi a jikin mutum biyu ba, kuma babu mai sanin nasa nau'in ta hanyar kallon madubi.

Kuma ƙwaya ba ita kaɗai ke magana ba. Mutum yana iya zama *1/*1 amma yana shan faroksetin ko fuloksetin ko kwinidin, su toshe inzayim ɗin ya koma kamar mai sifili har sai ya daina. Ko takardar da ke cikin kwalin maganin maleriya mai lumefantirin in ka buɗe ka karanta zaka ga gargaɗi akan haɗa shi da wasu magungunan da CYP2D6 ke sarrafawa, irinsu amitiriftilin da metofurolol. Wannan bayanin karatu ne, kar wani ya canza maganinsa da kansa, likita da famasist su ke da wannan.

Mataki na 8: in har zaka shiga lab

Hanyar da aka saba ita ce ka fara da doguwar PCR, furaima biyu da suka zauna a wuraren da 2D6 ta bambanta da 2D7, su kwafo ƙwayar gaba ɗaya, gutsure mai haruffa dubu biyar zuwa shida da wani abu, sannan duk ƙananan gwaje-gwajenka ka yi su akan wannan gutsuren ba akan DNA ɗin jini kai tsaye ba. Ka yi wata doguwar PCR daban ta neman *5, wata kuma ta neman kwafi biyu, domin mutum mai *2/*5 in baka nemi gogewar ba zai fito maka kamar *2/*2, kuromosom ɗaya ne kawai ya amsa kai kuma ka ƙirga shi sau biyu. In kana da injin ƙirga kwafi kar ka duba wuri ɗaya, duba intiron na 2, intiron na 6 da ekson na 9, in lambobin uku basu zo ɗaya ba toh akwai ruwa biyu a ciki, misali mai *36 zai nuna ƙari a intiron ɗin amma a ekson na 9 ba zai nuna ba.

In kuma bayanan kwamfuta aka baka, irin gajerun karatu masu haruffa 150, kar ka yarda da abun da manhajar gama-gari ta fitar a wannan wajen, gutsuren 2D7 suna mannewa akan 2D6 su ba da canjin ƙarya. Akwai manhajojin da aka gina don wannan rigimar, Aldy, Stargazer, Cyrius, da StellarPGx wadda aka haɗa a jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu aka gwada ta da samfuran 'yan Afirka. Ka gudanar da aƙalla biyu akan samfur ɗaya, inda suka yarda da juna ka ɗauka, inda suka saɓa ka buɗe fayil ɗin a IGV, manhajar kallon karatun akan taswira, ka je miliyan 42 da dubu 126 ɗin nan ka duba zurfin karatun da idonka, in ya faɗi rabi akan 2D6 alhali akan 2D7 yana nan yadda yake, *5 kake kallo.